Yadda ake duba amsar gwajin hasashe a jarrabawar ƙididdiga

Tambayar gwajin hasashe tana da tarko, kuma ba ɗalibi kaɗai tarkon yake kamawa ba, har da malamin da ke riƙe da jan biro. Komai tsawon lissafin, ƙarshensa ɗayan biyu ne: ko a yi watsi da H₀, wato hasashen tushe da ake gwadawa, ko a bar shi. Wanda bai taɓa leƙa ajin ba, in ya yi canki-canka, rabin lokaci zai dace. Don haka malamin da ya fara kai ido layin ƙarshe, ya ga ya zo ɗaya da nasa, ya zuba maki, bai duba komai ba tukuna. Aikinka shi ne bin sawun ɗalibi tun daga hasashen da ya kafa har hukuncin da ya yanke, ka gano takun da ƙafarsa ta zame, ka cire makin wannan takun, ka bar masa sauran.

Kafin ka buɗe takarda ko ɗaya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Zauna ka amsa tambayar da hannunka, da irin jadawali da kalkuletar da aka yarda ɗalibai su shiga da su, ko da kai ne ka tsara ta. Idan ka gama, sake amsa ta sau huɗu ko biyar, kowane karo ka yi kuskure da gangan, irin wanda ka san ɗalibai suna yi. Wannan zama na biyu shi ne zai cece ka daga baya.

Ga tambayar da za mu riƙe har ƙarshe. Wani kamfani ya ce matsakaicin daɗewar batirin da yake ƙerawa awa 500 ne. An ɗebo batir 16 ba tare da zaɓe ba, aka sami matsakaicinsu awa 491, ma'aunin warwatsuwar samfur kuma s = 18. A matakin kashi 5 cikin 100, a gwada ko matsakaicin ya bambanta da 500, a kuma faɗi zaton da aka dogara da shi. Maki 8.

Amsa mai kyau ga ta. H₀: μ = 500, H₁: μ ≠ 500, inda μ yake nufin matsakaicin ɗaukacin batiran, H₁ kuma hasashen da ke kishiyantar H₀. Tunda ba a san warwatsuwar ɗaukacin batiran ba, sai daga samfur aka kintata ta, kuma samfurin ƙarami ne, gwajin t za a yi. t = (491 − 500) ÷ (18 ÷ √16) = −9 ÷ 4.5 = −2.0. Lambar 'yanci ν = 16 − 1 = 15, lambar iyaka ta gwaji mai wutsiya biyu, wato mai duba bambanci ta sama da ta ƙasa, 2.131. Girman t, wato 2.0, bai kai 2.131 ba, saboda haka ba a watsi da H₀. Wanda ya bi ta ƙimar p, wato yiwuwar samun sakamako mai nisa irin wannan ko fiye in H₀ gaskiya ne, zai sami kusan 0.064, wadda ta haura 0.05.

Yanzu dubi inda gurɓatattun hanyoyi suke kaiwa. Wanda ya ɗauko 1.96 daga jadawalin z, wanda ake amfani da shi idan an san warwatsuwar ɗaukacin batiran, zai yi watsi da H₀, don 2.0 ya wuce 1.96. Wanda ya mayar da gwajin mai wutsiya ɗaya zai ɗauko 1.753, shi ma ya yi watsi. Wanda ya raba 18 da 16 maimakon √16 zai sami −8, ya yi watsi hankali kwance. Amma wanda ya manta da √16 gaba ɗaya zai sami −0.5, ya ce ba a watsi, faɗuwa ta zo masa daidai da zama. Haka wanda ya ɗauki ν = 16, ya karanto 2.120: hukuncinsa irin naka ne. Rubuta waɗannan lambobi a gefen takardarka: 1.96, 1.753, −8, −0.5, 2.120. Da ka hango ɗaya daga cikinsu a amsar ɗalibi, ka riga ka san ciwon kafin ka karanta sauran.

Rabon maki

Hukumomin jarrabawa da yawa suna raba makin lissafi gida uku. Akwai M, makin hanya. Akwai A, makin daidaiton amsa, wanda ba a bayarwa sai an sami M ɗin da ya rataya a kansa. Sai B, maki mai zaman kansa, wanda bai jingina da kowa ba. Ko jami'arka ba ta amfani da waɗannan haruffa, ari tsarin, domin yana tilasta ka faɗi abin da kowane maki yake saye. Ga yadda zan raba takwas ɗin nan:

B1 na hasashe biyu, an rubuta su da μ.
B1 na zato: daɗewar batiran tana bin rabon nomal, mai siffar ƙararrawa.
M1 na tsarin t, da √n (n shi ne yawan samfur) a mazauninsa.
A1 na −2.0.
B1 na ν = 15.
B1 na 2.131, ko p kusan 0.064.
M1 na kwatantawa mai ma'ana.
A1 na hukunci da aka mayar da shi kan batir.

Lura da cewa hukuncin ƙarshe maki ɗaya ne cikin takwas. Haka ya kamata.

Abu mafi nauyi da za ka yanke a wannan zama shi ne makin bin sawu: idan ɗalibi ya yi kuskure a sama, ya ɗauki gurguwar lambarsa ya yi aiki da ita daidai a ƙasa, wane maki zai ci gaba da samu? Ƙa'idata ita ce kuskure ɗaya, hukunci ɗaya. Amma tana da iyaka biyu. Ba na bin sawu zuwa makin ƙarshe idan M1 na farko ya faɗi, don a nan ba gwajin t aka yi ba, wani abu ne daban. Ba na kuma bin sawu idan kuskuren ya sauƙaƙa tambayar har ta tashi daga abin da ake son aunawa. Wani malamin zai ja layinsa a wani wuri, kuma yana da hujjarsa. Abin da ba shi da hujja shi ne a ja layin a takarda ta 5, a sake ja a wani wurin a takarda ta 90.

Kafin ka sa maki na farko, ɗebo takardu goma ko sha biyar daga wurare daban-daban na tarin, ka karanta amsar wannan tambaya ba biro a hannunka. Za ka ci karo da hanyar da ba ka yi tunaninta ba. Wani lokaci ma za ka gane tambayar ce take da baki biyu, kamar a rubuta "ko matsakaicin ya sauya" a sama, a ƙasa kuma a ce "ana zargin batiran sun rage ƙarko". In haka ta faru, laifin ba na ɗalibi ba ne, sai ka buɗe tsarin makin ya karɓi wutsiya ɗaya da biyu.

Layin farko: hasashe

A nan ake gane wanda ya fahimci darasin. Hasashe magana ce a kan ɗaukacin batiran da kamfanin ke ƙerawa, waɗanda ba mu gani ba, ba a kan 16 ɗin da ke hannunmu ba. Wanda ya rubuta H₀: x̄ = 500 ya rasa makin, domin x̄ mun san shi, 491 ne, babu abin gwadawa. Wanda ya rubuta H₀: μ = 491 shi ma ya rasa. Wanda ya rubuta da kalmomi, ka karɓa muddin ya nuna matsakaicin dukkan batiran yake nufi. Idan ya ce "matsakaici 500 ne" kawai, bai faɗi na wane ba, yanke tun farko ko za ka karɓa, ka rubuta a takardar shawarwarinka. A gwaji mai wutsiya ɗaya, wasu littattafai suna rubuta H₀: μ = 500, wasu H₀: μ ≥ 500. Duka biyun halas ne, kada ka hukunta ɗalibi saboda littafin da ya karanta ba naka ba ne.

Mai H₁: μ < 500 ya cancanci ka tsaya a kansa. Galibi abin da ya faru shi ne ya ga 491 bai kai 500 ba, sai ya zaɓi wutsiyar hagu. Wato bayanan ne suka zaɓa masa hasashe, alhali hasashe ake fara kafawa kafin a leƙa bayanai. Mai yin haka, duk ɓangaren da samfur ya karkata can zai bi, don haka gwajin da yake kira na kashi 5 a zahiri na kashi 10 ne. B1 na farko ya tafi. Idan daga nan ya ɗauko 1.753 da ν = 15, ya kwatanta daidai, ya yanke hukuncin da ya dace da lambobinsa, ni ina bin sawunsa, ya tashi da 7, sannan in rubuta masa dalilin a gefe da kyau. Amma wanda ya rubuta μ ≠ 500 a sama, ya sauko ya ɗauki 1.753, bakinsa da hannunsa sun saɓa, makin lambar iyaka ya faɗi.

Makin zato kuwa, kula da abin da aka ce yana bin rabon nomal. Ɗaukacin batiran ne, ba samfurin ba. Wanda kuma ya kafa hujja da cewa samfurin babba ne, a kan batir 16, bai samu ba.

Lissafi da jadawali

Duba tsarin kafin ka duba lamba. Idan ka ga (491 − 500) a sama, 18 ÷ √16 a ƙasa, M1 ya tabbata, ko da ya danna kalkuleta ba daidai ba ya fito da −2.2. Wanda ya juya, ya rubuta 500 − 491 ya sami +2.0, a gwaji mai wutsiya biyu babu abin da ya ɓace, ba shi duka. A mai wutsiya ɗaya ne alamar take da nauyi.

Zaɓi tsakanin t da z ba ƙaƙale ba ne. William Gosset, wanda ya yi aiki a kamfanin Guinness a Dublin, ya buga maƙalarsa a 1908 da sunan aro, Student, a kan wannan matsala kanta: idan samfur ƙarami ne, s ɗin da aka ciro daga cikinsa shi ma yana rawa, don haka dole iyakar ta matsa gaba. Tazarar da ke tsakanin 1.96 da 2.131 ita ce ladan wannan rawar, kuma a tambayarmu ita ce ta juya hukunci. Mai z ya rasa B1 na ν da B1 na lambar iyaka.

Sai batun datse lambobi da wuri. Faɗi a tsarin makinka iyakar da za ka karɓa, misali p tsakanin 0.063 da 0.065. Mai amfani da jadawali ba zai iya ba ka p daidai ba, iyakarsa ya ce tana tsakanin 0.05 da 0.10, kuma wannan amsa ce cikakkiya. Wanda ya rubuto t = −2.0 da p = 0.064 kai tsaye daga kalkuleta ba tare da aiki ba, in tambayar ba ta ce a nuna aiki ba, lambar da ta yi daidai tana shaidar hanyar, ba shi makinsa. In lambar ba daidai ba ce kuma babu aiki, babu sawun da za ka bi.

Layin kwatantawa, inda ido yake saurin wucewa

Nan ne na fi son ka rage gudu. Ɗalibi zai rubuta "−2.0 < 2.131, saboda haka ba a watsi da H₀." Lambobi daidai, hukunci daidai, amma hujjar ruɓaɓɓiya ce. Ai −8 ma bai kai 2.131 ba, da wannan tunani babu wata lamba mai alamar ragi da za ta taɓa sa shi ya yi watsi. Abin da ake so shi ne −2.0 > −2.131, ko 2.0 < 2.131, ko zanen da ya nuna −2.0 yana wajen yankin watsi. Ni a nan M0 nake bayarwa, sai dai in wani abu a shafin, kamar zane ko alamar ±, ya nuna ya san iyaka biyu ce.

Haka ɓangaren p. Wutsiya ɗaya ta t = 2.0 tana ba da kusan 0.032. Kwatanta 0.032 da 0.025 daidai ne. Ninka ta, a kwatanta 0.064 da 0.05, shi ma daidai ne. Kwatanta 0.032 da 0.05 a gwaji mai wutsiya biyu kuskure ne. Akwai kuma mai kwatanta p da 2.131, ko t da 0.05. Wannan ya gwama abubuwa biyu da ba ma'auninsu ɗaya ba, babu makin hanya.

Wasu za su bi ta wata ƙofar. Mai tazarar amincewa ta kashi 95 zai lissafa 491 ± 2.131 × 4.5, ya sami 481.4 zuwa 500.6, ya ce 500 yana ciki. Wani zai gina yankin a kan x̄ kanta, 490.4 zuwa 509.6, ya nuna 491 bai fita ba. Duk hanyoyi ne ingantattu, kuma sau da yawa masu fahimta ne suke bin su. Shirya musu rabon maki kwatankwacin na farko, sai fa idan tambayar ta ambaci hanyar da take so.

Jimlar ƙarshe

Makin nan na kalmomi ne, kuma a kansa malamai suka fi saɓani. Abu biyu nake nema: a dawo kan batir, kuma kada a yi iƙirarin da lissafin bai ɗauka ba. "Babu isasshiyar hujja, a matakin kashi 5, cewa matsakaicin daɗewar batiran ya bambanta da awa 500." Wannan A1. "Ba a watsi da H₀" kaɗai, ba batir ba awa, A0. "An tabbatar matsakaicin awa 500 ne", A0, kuma tazarar amincewa da muka gani ta nuna dalili: 485 ma yana cikinta, 495 ma haka. Bayanan ba su kore 500 ba, amma ba su zaɓe shi ba.

To, wanda ya rubuta "mun karɓi H₀" fa? Kada ka yi saurin jan layi. Ronald Fisher, a littafinsa na 1935 kan tsara gwaje-gwaje, ya tsaya a kan cewa wannan hasashe ba a tabbatar da shi, iyaka dai a iya rushe shi. Jerzy Neyman da Egon Pearson kuwa, a aikinsu na 1928 da 1933, sun ɗauki gwaji a matsayin ƙa'idar yanke shawara tsakanin hasashe biyu, a nan kuwa maganar karɓa da watsi tana da gurbinta. Abin da ake koyarwa a aji yau gaurayen makarantun biyu ne. Don haka kalmar "karɓa" ita kaɗai ba ta isa a cire maki ba, sai in an hana ta a darasi ƙarara. Dubi jimlar da ta biyo baya. In ta ce babu isasshiyar hujja, ya fahimta. In ta ce an tabbatar, bai fahimta ba.

Idan tambayar ta nemi ma'anar p, tsaurara. Amsar da za ka fi gani ita ce "yiwuwar H₀ gaskiya ne kashi 6.4". Ba haka ba ne. Ma'anarta: da a ce H₀ gaskiya ne, yiwuwar a sami sakamakon da ya yi nisa da 500 kamar wannan ko fiye ita ce 0.064. Ruɗanin ya yaɗu har cikin masu bincike, shi ya sa ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa a 2016 tana jaddada cewa p ba ta auna yiwuwar gaskiyar hasashe, ba ta kuma auna girman tasiri. In ka bar wannan ya wuce a jarrabawa, da shi ɗalibin zai rubuta kundin bincikensa.

Yanzu ɗora takardu biyu gefe da gefe. Ta farko: hasashe daidai, zato daidai, an manta √16, t = −0.5, ν = 15, 2.131, kwatantawa mai kyau, hukunci irin naka. Makinta 5, domin M1 da A1 na lissafi sun faɗi, makin ƙarshe ya bi su. Ta biyu: hasashe daidai, zato daidai, −2.0 daidai, amma 1.96, ya kwatanta da kyau, ya yi watsi da H₀, ya mayar da maganar kan batir cikin taka-tsantsan. Makinta 6. Wanda hukuncinsa ya saɓa da naka ya fi wanda ya dace da naka. A shekarata ta farko a wannan aiki, irin takarda ta farkon na ba maki cikakke, wani abokin aiki da ya sake dubawa ya dawo mini da ita, ya ɗora yatsa a kan −0.5 bai ce komai ba. Abin da ya dame ni ba wannan takardar ba ce, takardun irin ta biyu ne da na riga na danne a baya. Sai da na koma kansu ɗaya bayan ɗaya.

Sauran gwaje-gwaje

Tsarin ɗaya ne, wurin zamewar ne yake sauyawa. A gwajin binomiyal, ɗauki ƙoƙari 20, p a nan yiwuwar nasara ce a kowane ƙoƙari, X kuma adadin nasarori, H₀: p = 0.5, H₁: p > 0.5, an sami nasara 14. Yiwuwar X = 14 ita ce 0.0370, ba ta kai 0.05 ba. Yiwuwar X ≥ 14 kuwa 0.0577 ce, ta haura. Ta biyun ake so. Mai amfani da ta farko ya rasa makin hanya, kuma ba a bin sawunsa, don bai auna wutsiya ba sam. In an nemi yankin watsi, X ≥ 15 ne, ainihin matakinsa 0.0207, ba 0.05 ba. Duba ko ya nuna lambobin gefe biyu na iyakar, 0.0577 da 0.0207, domin su ne hujjar tsayawa a 15.

A gwajin χ², mai kwatanta adadin da aka ƙirga da wanda ake tsammani, tabbatar da ƙirge aka yi aiki, ba da kashi cikin ɗari ba. Duba ko an haɗe gidajen da adadin da ake tsammani bai kai 5 ba, kuma an ƙirga ν bayan haɗewar, an rage ɗaya a kan kowace lamba da aka kintata daga bayanan. A teburin layuka da ginshiƙai, ν shi ne (layuka − 1) × (ginshiƙai − 1). Iyakokin kashi 5 su ne 3.841 ga ν = 1, 5.991 ga ν = 2, 7.815 ga ν = 3. Karl Pearson da ya ƙirƙiro gwajin a 1900 bai daidaita ν na irin wannan tebur ba, Fisher ne ya gyara a 1922. Wuri ne mai santsi, a ba shi makinsa ɗaya, kada a rushe tambayar duka a kansa.

Inda aka auna mutum 10 kafin wani abu da bayansa, a kan bambancin kowane mutum ake gwaji, ν = 9, iyaka 2.262. Mai ɗaukar su rukuni biyu masu zaman kansu, ν = 18, iyaka 2.101, ya sauya gwajin, makin hanya ya tafi. A rukuni biyu na gaskiya kuma, in ka ga ν mai ɗigo kamar 13.6, kada ka ɗauka shirme ne, gwajin Welch ne na 1947, manhajoji da yawa shi suke fitarwa.

A tambayar kuskure nau'i na biyu (barin H₀ alhali ƙarya ne) ko ƙarfin gwaji (yiwuwar watsi da H₀ idan ƙarya ne), layi ɗaya za ka nema: an kafa yankin watsi a ƙarƙashin H₀, sannan an lissafa yiwuwar a ƙarƙashin ƙimar da H₁ ta bayar? Mai amfani da 500 a matakan biyu α, wato matakin kashi 5 ɗin, kawai ya sake haifowa. A tambayoyin hujja kuwa, kamar gina gwaji da ƙa'idar Neyman da Pearson, bi alamar girma da ƙanƙanta layi-layi, musamman inda aka raba da lamba mai alamar ragi. Da yawa sun haddace amsar ƙarshe, sai su juya alamar a ɓoye don su isa can.

Tafiyar da tarin takardu

Duba tambaya ɗaya a dukkan takardu kafin ka koma ta gaba. Rufe sunaye in da hali. In ka juya zuwa sabuwar tambaya, sauya jerin takardun, kada mutum ɗaya ya riƙa zuwa kullum lokacin da idonka ya gaji. Ajiye farar takarda kusa da kai, duk shawarar da ka yanke a kan abin da tsarin maki bai hango ba, rubuta ta tare da lambar takardar da ta jawo ta. In sabuwar shawara ta shafi waɗanda ka wuce, koma kansu a ranar.

Wanda ya kwafo 419 maimakon 491 ya yi aiki daidai da ita, cire maki ɗaya ko biyu na daidaito, bar masa na hanya. Wanda ya yi amsa biyu bai soke ko ɗaya ba, ɗaya ta ce a yi watsi ɗaya ta ce a bari, kada ka zaɓa masa mai kyau, bi ƙa'idar da sashenku ya kafa, in babu ku kafa ta kafin a fara. Aikin da aka soke ba a maye gurbinsa da komai ba, in yana karantuwa, ni ina dubawa.

Sa makin a gefen layin da ya jawo shi, da harafinsa, M1 ko A0, ba jimilla kawai a ƙasa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ba abokin aiki wasu takardu daga sama, tsakiya da ƙasa, da duk waɗanda suke bakin iyakar ci da faɗuwa, ya duba ba tare da ya ga makinka ba in zai yiwu. In kun bambanta da fiye da maki ɗaya a tambaya mai takwas, matsalar tana cikin tsarin makin, ku koma ku gyara jimlar da ta ba da ƙofa.

Abin da za ka rubuta wa ɗalibi a gefe ya zama gajere, ya nuna wurin. Giciye kaɗai ba ya koyar da komai. Ga mai −0.5, rubuta: "Warwatsuwar matsakaicin batir 16 ake so, ba ta batir ɗaya ba: 18 ÷ √16." Ga mai 1.96 (σ ita ce warwatsuwar ɗaukacin batiran): "σ ba a san ta ba, n = 16, duba jadawalin t, ν = 15." Ga mai wutsiyar hagu: "Da samfurin ya ba da 509, wace H₁ za ka rubuta?" Bayan ka gama tarin, koma kan takardu goman da ka fara sa wa maki, ka sake duba su da takardar shawarwarinka a buɗe, sannan ka tara jimilla sau biyu kafin ka shigar da ita.